Manta Uwa: Yadda Baƙin Tsirrai Ke Zama 'Yan Gida a Boɗinga da Shagari

Duk wanda ya bi hanyar da ta taso daga Sakkwato, ta ratsa Boɗinga ta nufi Shagari, itacen da zai fi cika masa ido shi ne darbejiya, wadda da yawanmu ke kira dogon yaro. Tana ƙofar masallaci, tana tsakar makarantar firamare, tana bakin tasha inda masu shayi da masu faci suka kafa bencinansu. Mun saba da ita har muna ganin kamar tare aka kafa ta da garuruwan nan. Amma Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya zauna a Sifawa daga wajen 1810 zuwa 1815, bai taɓa karantar da almajirai a inuwarta ba. Ƙanensa Abdullahi, da ke zaune a Boɗinga a waɗancan shekaru, shi ma bai gan ta a nan ba. Inuwar zamaninsu ta tsamiya ce da durumi da ceɗiya da kurna, sai gawo da ke yin ganye da rani lokacin da kowa ya kaɗe nasa. Kai, ko marigayi Alhaji Shehu Shagari, da aka haifa a 1925, ya girmi kowace darbejiya da ke garinsu, domin bayanan ma'aikatan daji sun nuna cewa sai a 1928 aka fara dasa ta a Najeriya, can a lardin Barno.

Abin da ya tuno mana da wannan shi ne wata sabuwar baƙuwa da ta fara leƙo gidajenmu, wato fulawar nan da ake kira okid. Wayar hannu ce ta fara nuna mana ita, a hotunan falon masu hali da teburan liyafar biki: ganye huɗu ko biyar masu kauri, da dogon kara guda ya lanƙwasa, furanni sun jeru a kansa kamar malam-buɗe-littafi ya sauka. Yanzu ɗaiɗaikun mutane sun fara sayo ta daga Abuja ko Legas, a riƙo ta a cinya har gida, a ajiye wa amarya ko a ƙawata falo. Yawanci labarin ba ya tsawo. Bayan 'yan makonni furannin su zube, ganyen ya yi yaushi, a ce ai ƙasarmu ba ta karɓe ta ba. To, me ya sa wata baƙuwar ta zama 'yar gari har muka manta asalinta, wata kuma ba ta kai watanni uku? Amsar tana cikin tarihin su biyun.

Kakanninmu ba su shuka abu don kallo kawai ba. Reshen ceɗiya mai kauri ake sarowa da damina a kafa a ƙofar gida don inuwa. Ana shuka lalle don ƙafar mata, baba don marina, a bar bagaruwa ta girma don majema, waɗanda da ita suke jeme fatar jar akuyar Sakkwato da ta yi suna har Turai. Ko furen da muka sani, mun fi saninsa a tukunya ko a hanci: soɓo a sha, furen lalle a ji ƙamshi. Duk da haka ba su kasance masu ƙyamar baƙon tsiro ba. Sunayen da suka bar mana shaida ne. Masara tana ɗauke da sunan Masar, hanyar da ake kyautata zaton ta biyo, ko da yake asalinta daga nahiyar Amurka ne, kamar rogo da gyaɗa da barkono da gwanda da gwaiba. Mangwaro da zogale daga ƙasar Indiya suka fito. Idan aka cire baƙi daga tukunyar miyarmu, abin da zai rage ba shi da yawa.

Shuka fure a tukunya don ado kuwa, ta shigo ne bayan Turawa sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903. A gidajen Razdan da joji da likita aka fara ganin mutumin da aikinsa kawai shi ne ban ruwa ga abin da ba a ci, ba a sha, ba a rina da shi. Daga nan muka sami kalmar gadina. Daga nan ne kuma muka sami fulawa, kalma ɗaya tak da muka ɗora wa garin burodi da furen ado, har yau sai an ji sauran zancen kafin a gane wacce ake nufi.

Sai dai okid ba baƙuwa ce ta gaba ɗaya ga Bahaushe ba. Dangi ne babba, mai nau'i kusan 28,000 a duniya, kuma aƙalla ɗaya daga cikinsu yana da sunan Hausa tun kafin a san tukunyar roba. Wani likita ɗan ƙasar Sikotilan mai suna John Dalziel, wanda ya yi aiki a Arewacin Najeriya tun daga 1905, ya ɗauki shekaru yana tambayar manoma da masu magani sunayen itatuwa da ciyayi, ya fitar da ƙamus ɗinsu a 1916. Shi ne wanda masana suka liƙa sunansa a jikin itacen hano, suke ce masa Boswellia dalzielii. A cikin sunayen da ya tattara akwai manta uwa, akwai kuma murucin bisa, duka na wata okid da ke zaune a kan itace, ba a ƙasa ba.

Wanda ya raɗa murucin bisa ya kalli tsiron da kyau. Karanta dogaye ne masu kumburi, sun yi kama da murucin giginya, amma ga su can a sama, sun taru a marabar rassa ko a wuyan itace. Wasu saiwoyinta suna kama ɓawon itacen, wasu farare sirara kuma suna miƙewa sama kamar buɗaɗɗen kwando, suna tare busassun ganyen da ke faɗowa, ganyen ya ruɓe a ciki ya zama abincinta. Furenta rawaya ne mai ɗigon ruwan ƙasa, abin da ya sa Turawa ke danganta ta da damisa. Kada a haɗa ta da kauci. Kauci yana huda itace ya sha jininsa, ita kuwa wurin zama kawai ta ara. Ta fi samuwa a kudu da mu, inda raɓa ta fi yawa, amma tana cikin okid masu jure fari.

Ɗayan sunan ya fi ratsa zuciya. Manta uwa suna ne na maganin yaye, wanda ake ba yaro don ya daina ƙulafucin nono, kuma akwai wani tsiron da ke raba sunan da ita. Ko maganin yana aiki ko ba ya yi, wannan zancen ungozoma ne da likita. Abin da ya ja hankalinmu shi ne yadda sunan ya faɗi ainihin matsalar duk wani tsiro da aka sayo. Dashen da aka ɗauko daga wurin rainonsa yaro ne da aka raba da uwa. A can yana da inuwar da ya saba, da ruwa a kan lokaci, da iska mai laima. Sayensa aikin minti biyar ne. Yayen shi ne aikin.

Sunan da masana ke kiran manta uwa da shi, Ansellia africana, yana da labarin da ya taɓo mu ta wata fuskar. A 1841 gwamnatin Ingila ta turo jiragen ruwa uku su hau kogin Kwara, don ƙulla yarjejeniyar hana cinikin bayi da kafa gonar gwaji a Lakwaja. Ɗaya daga cikin jiragen ya kai har Egga a ƙasar Nupe, wadda a lokacin ke bin Gwandu, wato ɓangaren daular da aka damƙa wa Abdullahi. Zazzaɓi ya kashe Turawan tafiyar fiye da 40, aka janye sauran zuwa tsibirin Fernando Po, wanda yanzu ake kira Biyoko. A can ne wani gadina na tawagar, John Ansell, ya ga wannan okid a jikin itacen kwakwar manja. Aka kai ta Ingila, masani John Lindley ya sa mata sunansa a 1844. A cikin wannan tawaga akwai Samuel Ajayi Crowther, akwai kuma wani Bajamushe, James Schön, wanda ya buga littafin kalmomin Hausa a 1843, ɗaya daga cikin na farko-farko da aka rubuta harshenmu da boko. Tafiya ɗaya ta kai wa Turai furen da kalmomin, sai dai sunan gadinan aka liƙa wa furen, ba wanda masu magani suka daɗe suna kiransa da shi ba.

Lokacin da Ansell ya tsinko furensa, Ingila tana tsakiyar wani irin hauka a kan okid. Abin ya soma ne bayan 1818, lokacin da wani tsiro da aka aiko daga Barazil ya yi fure a gidan wani attajiri mai suna William Cattley, fure babba mai launin shunayya da ba a taɓa ganin irinsa a can ba. Masu kuɗi suka shiga gasa. Aka riƙa tura mafarautan fure dazuzzukan Kudancin Amurka da Asiya, suna sare manyan itatuwa don kawai su kwashe abin da ke kansu. Wani ɗan kasuwa, Frederick Sander, ya yi ta aika irin waɗannan mutane har aka yi masa laƙabi da sarkin okid. Mafi yawan abin da aka kwaso kan ruɓe a cikin jirgi, sai da wani likita a Landan, Nathaniel Ward, ya lura a 1829 cewa tsiro yana rayuwa a cikin rufaffiyar kwalba, saboda ruwan da ya tashi tururi yana komawa ƙasa. Ya sa aka ƙera akwatin gilashi, a 1833 ya aika tsirrai a ciki zuwa Ostireliya, suka isa da ransu bayan watanni a teku. Irin wannan akwati ne daga baya ya ɗauki dashen shayi daga Sin zuwa Indiya, da na roba zuwa Asiya.

Amma isowa da rai ba ta hana mutuwa ba, kuma nan ne darasin yake. Masu lambun Ingila sun ji an ce daga ƙasashen zafi aka kawo okid, sai suka ɗauka abin da take so shi ne zafi da ruwa. Suka gina ɗakunan gilashi masu murhu, suka toshe kowace kafa, suka cusa saiwoyin cikin jiƙaƙƙen ruɓaɓɓen itace da ƙasa. Dubbai suka mutu, ana sake sayowa, suna sake mutuwa, shekara da shekaru. Ba ƙarancin kuɗi ba ne, ba kuma ƙarancin kulawa ba. Kulawar ce ma ta yi yawa, ba tare da an tambayi yadda gidan uwar yake ba. Sai da matafiya suka dage suna bayyana cewa tsiron a kan reshe yake zaune, iska na kaɗa saiwarsa, ruwan sama ya jiƙa shi ya bushe kafin yamma, wasu ma a kan duwatsu masu sanyi, sannan irin su Joseph Paxton suka fara buɗe tagogi da rage wuta. Daga nan okid ta fara zama.

Sauran labarin na ɗakin bincike ne. Irin okid kamar ƙura yake, kwanso ɗaya kan ɗauki dubban ɗaruruwa, kuma ba shi da guzurin abinci kamar ƙwayar gero. A 1899 Bafaranshe Noël Bernard ya gano cewa sai da taimakon wata irin funfuna yake tsirowa. A 1922 Lewis Knudson a Amurka ya nuna za a iya tsirar da shi a kwalba da sukari da gishirin taki. Wajen 1960 Georges Morel ya nuna yadda za a yanki ɗan tsurut daga kan toho a mayar da shi dubban tsirrai masu kama ɗaya. Abin da ya sa furen da dā sai masu sarauta ya koma kayan kanti ke nan. Wadda ake kawo mana yau, Phalaenopsis, asalinta dazuzzukan kudu maso gabashin Asiya ne, kuma manyan masu rainonta suna Taiwan da Holan. Ta shekara biyu ko fiye a ɗakin da na'ura ke auna mata zafi da laima kafin ta hau jirgi. Wannan ce uwar da muke so ta manta a Boɗinga.

Mu koma kan darbejiya, mu ga yadda aka yi nata yayen. Ita ma 'yar Indiya ce da Bama. A zamanin Gwamna Guggisberg, tsakanin 1919 da 1927, aka kai ta ƙasar da yanzu ake kira Gana. Bayan ta kama a Barno, a shekarun 1930 aka yaɗa ta zuwa Kano da Katsina da Sakkwato, inda ma'aikatan daji na En'e suka dasa ta don itacen wuta da na rufi. Ta zo da sa'a, domin ƙasarta ta asali ma tana da dogon rani. Saiwarta tana nitsewa ƙasa sosai, gara ba ta cika damunta ba, ɗacinta kuma yana rage mata ɓarnar dabbobi, ko da yake akuyar watan Afrilu ba ta da zaɓi. A 1969 wani masanin ƙasa, Radwanski, ya wallafa binciken da ya nuna yadda take gyara jar rairayin Sakkwato da ganyen da take zubarwa.

Duk da wannan sa'a, ba gandun En'e ne ya mayar da ita 'yar gari ba. Gidaje ne. Duk babbar darbejiyar da ke ƙofar wani gida a Shagari ko Sifawa, akwai lokacin da ba ta fi kamu ɗaya ba, kuma akwai wanda ya kewaye ta da ƙaya ko tsohon kwando ko tubali, ya hana awaki. Akwai tsohon da ya mayar da gindinta wurin alwalarsa, sau biyar a rana ruwan buta na sauka a wuri ɗaya. Akwai yarinyar da aka ce ta riƙa juye ruwan ɗauraya a can. Ba a rubuta sunan ko ɗaya daga cikinsu ba, amma su suka fitar da ita daga ranin farko da na biyu, wanda bayansa ba ta ƙara buƙatar kowa. Da ta girma ta biya: ganye a rumbu don ƙwari, tsinke don asuwaki, dafaffen ganye ga mai zazzaɓi, azara ga mai gini. Jemagu da tsuntsaye suka karɓi aikin yaɗa ta. Alhazanmu da suka tsaya a Arfa sun gan ta a can ma, an dasa dubbai don inuwar mahajjata.

An gwada yin abin da gayya bayan farin 1972 zuwa 1974, wanda dattawanmu ba su manta ba, da kuma na 1983 da 1984. Gwamnatoci suka buɗe wuraren rainon dashe, suka riƙa rabawa kyauta, aka mayar da ƙaddamar da dashen itatuwa bikin kowace damina. A zamanin mulkin ɗan garin Shagari, tsakanin 1979 da 1983, babban shirin da aka fi ji shi ne na bunƙasa noman abinci da aka ƙaddamar a 1980, mai taki da tarakta da madatsun ruwa. Daga baya kuma, a 2007, Tarayyar Afirka ta amince da shirin kafa ganuwar itatuwa a bakin hamada, Sakkwato na cikin jihohi 11 da abin ya shafa a Najeriya. Niyya mai kyau ce. Amma duk mun san yadda bikin dashe yake ƙarewa a wurare da yawa. Babban baƙo ya sa dashe a rami, a zuba ruwa daga sabuwar buta, a ɗauki hoto, a watse. Kafin watan Maris babu abin da ya rage sai allon sanarwa. Kuskuren masu lambun Ingila ne aka juya: su sun kashe da yawan ruwa, mu da rashinsa, amma dukkanmu mun ɗauka cewa samun tsiron shi ne aikin.

Inda aka yi nasara, an yi ne don an biya kuɗin yaye. A kwarin Majiya da ke jihar Tawa a Nijar, tun daga 1975 aka riƙa dasa layukan darbejiya don kare gonaki daga iska, aka kuma sa masu gadi su hana dabbobi shiga har sai itatuwan sun fi ƙarfin baki. A Maraɗi kuwa, wani ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, bayan ya sha ganin dashensa na mutuwa, ya lura a 1983 cewa ƙananan tohon da manoma ke sarewa a gona kututturan tsofaffin itatuwa ne masu rai a ƙarƙashin ƙasa. Aka koma zaɓen reshe ɗaya ko biyu a bar su su girma, abin da manoman can suka kira sassaben zamani. Miliyoyin kadada suka sake yin itatuwa ba tare da an sayi dashe ba. Waɗannan ba su buƙaci manta uwa ba, a kan uwarsu suke.

To, mai karatu da ya riga ya sayi okid, ko yake shirin saye, me wannan tarihi zai ba shi? Na farko dai lokaci. Kada a kawo ta gida da bazara. Tsiron da ya saba da zafin da bai wuce digiri 30 ba, a sauke shi a Boɗinga cikin Afrilu inda ake haura 40, an yanke masa hukunci tun a mota. Tsakiyar damina ya fi, lokacin da iska ke da laima. A wurin saye kuma, a bar kallon furen, a ɗaga tukunyar a dubi saiwa, don galibi tukunyar ciki mai nuna abin da ke cikinta ce. Saiwa mai lafiya tana da kauri da tauri, kore idan ta sha ruwa, fari-fari kamar azurfa idan ta bushe. Wadda ta yi baƙi ta yi laushi ta riga ta tafi, ko da fure goma ne a sama. A leƙa ƙarƙashin ganye ko akwai wasu fararen ƙwari masu kama da ɓurɓushin auduga. Idan aka iso gida a ware ta daga sauran tsirrai na mako biyu ko uku. In ƙwarin suka bayyana, man darbejiya kaɗan cikin ruwa da ɗigon sabulu yana maganinsu, tsohuwar baƙuwa tana yi wa sabuwa jinya.

Babban abin da ke kashe ta a hannunmu shi ne kirki irin na manomi. Muna ganin saiwa a waje sai tausayi ya kama mu, mu ɗebo ƙasa mai kyau da takin awaki mu rufe. Wannan binnewa ce. Saiwar okid numfashi take yi, don haka abin da ake sa mata shi ne gutsattsarin ɓawon itace, ko na ɓawon kwakwa, ko gawayi da aka wanke, a tukunya mai huji da yawa. Sau da yawa takan zo cushe da gansakuka mai riƙe ruwa kamar soso. A bar ta a haka har furen ya gama, a rage ban ruwa, sannan a sauya mata mazauni. Ban ruwan kansa da safe ake yi: a kwarara har ya fita ta ƙasa, a bari ya tsane sarai, kada a bar tukunyar zaune cikin ruwa, kada kuma ruwa ya kwana a tsakiyar ganyen. Ba a sake ba ta sai saiwar ta koma fari. Da damina yakan kai mako guda, da hunturu kwana uku ko huɗu. Ruwan sama da aka tara ya fi na rijiyar burtsatse mai gishiri. Taki kuwa, kashi ɗaya cikin huɗu na abin da aka rubuta a jikin kwalba ya isa.

Sai wurin zama, wanda a nan ne gidan Bahaushe yake da abin da gidan zamani ba shi da shi. Rana kai tsaye tana ƙona ganyenta cikin sa'a guda, duhun ƙuryar ɗaki kuma yana hana ta fure. Na'urar sanyaya ɗaki tana busar da iska, kuma ranar da aka ɗauke wuta falon kwano ya koma tanda. Wurin da ya fi kama da gidan uwarta shi ne gindin randa: inuwa mai haske, ƙasa mai damshi, iska na wucewa, randar tana gumi tana sanyaya abin da ke kewaye da ita. Matan da suka ajiye goro da kayan miya a nan sun san haka tun tuni. A rataye ta a wurin, ko a ɗora ta a kan faranti mai tsakuwa da ɗan ruwa a ƙasa wanda bai taɓa tukunyar ba, a kare ta daga iskar hunturu, a riƙa goge mata ƙura da jiƙaƙƙen ƙyalle.

Ko da an yi duk wannan, gaskiya ita ce okid ta kanti ba za ta taɓa zama darbejiya ba. Ba ranar da za ta daina buƙatar mutum. Masu cewa almubazzarancin ruwa ce ba su auna ba, don abin da take sha a mako bai kai na alwala ɗaya ba. Kuɗin ne abin dubawa, tunda farashin tukunya guda zai sayi dashen mangwaro da tsamiya da yawa. Wanda kuma ya ce to bari ya nemi tamu ta gida, manta uwa, ya sani cewa yawan ɓamɓaro ta daga daji ya sa ta shiga jerin tsirran da ake fargabar ƙarewarsu, kuma dukkan dangin okid suna ƙarƙashin yarjejeniyar duniya da ke taƙaita fataucinsu tun 1975. In ba rainonta aka yi ba, sayenta maimaita aikin mafarautan Sander ne da hannunmu.

Akwai ma abin dariya a gefe. Kariya, wannan gajeren itace mai ƙaton gindi da jan fure da ke tsaye a bakin danga ba mai kula shi, wadda ake wasa da sunanta a karin maganar nan ta ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, ita ce masu lambu a Tailan da Taiwan suka ɗauka suka yi ta aurarwa har ta fito launi-launi, ana sayar da ita a tukunya a duniya da sunan furen hamada. Zafin Afrilu ba ya yi mata komai, a lokacin ma take ado. Ruwanta dai guba ne, a nisanta ta da yara da dabbobi.

Wanda ya fitar da okid ɗinsa daga bazarar farko, kada ya yar da ita don furen ya zube. Yawancin waɗanda ake jefarwa a bola da ransu ake jefar da su. Furen yakan yi wata biyu ko uku ya kaɗe, tsiron ya shiga hutu yana yin sabon ganye da saiwa. A yanke busasshen karan daga tushe a ci gaba da ban ruwa. Abin da ke sa ta fitar da sabon kara shi ne ta sami makonni na sanyi-sanyi, zafi ya sauka ƙasa da digiri 25 ko kusa da haka. Masu raino a Holan da Taiwan kuɗi suke kashewa su samar da wannan da na'ura. Mu kuwa sanyin Disamba da Janairu yana iya ba mu shi kyauta, in dai an shigar da ita ɗaki a daren da ɗari ya tsananta. Karan yana fitowa daga tsakanin ganye, kansa a baje kamar ɗan tafin hannu, ba mulmulalle kamar na saiwa ba, kuma yakan ɗauki kimanin wata uku kafin furen farko ya buɗe, wato wajen ƙarshen Maris, daidai lokacin da darbejiyar ƙofar gida ke zubar da nata ƙananan fararen furannin.